Talata, 10 ga Nuwamba 2020: malamar aji biyar ta ɗauki hutu

Da sassafe saƙo ya shigo wayata daga makarantar da 'yata take, cewa malamar aji biyar ta nemi izinin mako guda domin ta tafi Tamale jinyar mahaifiyarta, saboda haka babu darasin da aka saba yi ta WhatsApp tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, har sai ta dawo. Saƙon bai faɗi wanda zai riƙe ajin ba, bai kuma ce komai a kan kuɗin wata da muka riga muka tura ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, ba. Kafin azahar maganar ta gama zagaya layinmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, domin gidaje da dama a nan 'ya'yansu suna wannan makaranta mai zaman kanta.

Hajiya maƙwabciyarmu, wadda take sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ita ta fara tare ni a ƙofar gida, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, tun watan Maris malaman nan suke zaune a gida, to hutun me kuma ake nema? Ai wayar da take koyarwa da ita a Kumasi ita ce za ta yi aiki a Tamale." Ban yi gaggawar musanta mata ba, domin na san abin da yake cin ta. Tun ranar 16 ga Maris da Shugaba Akufo-Addo ya rufe makarantu, ita take barin wayarta a gida saboda jikokinta su yi karatu, ta tafi kasuwa ba waya, ga kuɗin data da take saya kowane mako ban da kuɗin makaranta. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Yuni, 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare da babba sun koma ranar 5 ga Oktoba, amma 'yan firamare an ce su jira sai Janairun 2021. Wanda ya daɗe haka yana biya yana kuma gadin karatu da kansa, ba abin mamaki ba ne idan ya ji an ce malama ta tafi ya ga kamar an raina shi.

Duk da haka ban yarda da ita ba, kuma na faɗa mata cikin ladabi. Zaman gida da malamar take yi ba hutu ba ne, domin ni shaida ne cewa tana naɗar bayanin darasi da muryarta tun kafin gari ya waye, tana duba hotunan aikin yara ɗaya bayan ɗaya, tana kuma amsa tambayoyin iyaye har bayan isha'i, lokacin da yawancinmu muke dawowa daga kasuwa wayar ta samu sarari. A da idan an tashi makaranta ta tashi ke nan, amma yanzu ajin yana cikin aljihunta dare da rana. Mai jinyar uwa kuwa, ko da waya tana hannunta, hankalinta ba ya wurin lissafin aji biyar.

Bayan la'asar na biya ta unguwar Asawase wurin Kawu, wanda ya yi ritaya daga koyarwa a makarantun gwamnati, na kawo masa zancen. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ya tuna mini cewa dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba kowane ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki, mai haihuwa kuma aƙalla mako 12, kuma rufe ginin makaranta bai shafe wannan haƙƙi ba. Malamai sun saba samun sararinsu ne idan zango ya ƙare, to bana zangon ya rikice, babu wanda ya san inda karatu ya tsaya balle inda hutu ya fara. Ya ƙara da abin da ya fi damuna, cewa malamin gwamnati yana karɓar albashinsa kuma yana da ƙungiya irin GNAT, wato ƙungiyar malaman Ghana, a bayansa, alhali malaman makarantu masu zaman kansu da yawa an rage musu albashi ko an daina biyansu tun da aka rufe. Mu da muke ƙorafi ba mu taɓa tambaya ba ko kuɗin da muke turawa yana isa hannun wannan baiwar Allah.

A nan ne na ga inda fushin iyaye ya kamata ya dosa. Lokacin da ake zuwa aji, idan malami ya yi tafiya shugaban makaranta yakan tura wani ya tsaya, ko ya haɗa aji biyu, iyaye ma ba sa jin labari. Yanzu da karatun ya koma waya, sai aka bar aji duka a wuyan mutum ɗaya, ranar da ta gaza komai ya tsaya. Makarantar tana da wasu malamai, kuma ko ba komai za a iya turo mana jadawalin darussan Ghana Learning TV, tashar da gwamnati ta buɗe domin yaran da ke gida, a ce yara su bi wannan makon. Ba a yi ko ɗaya ba, sai dai aka ambaci sunan malamar a cikin saƙon, abin da ya sa kowa ya ɗora laifin a kanta.

Bayan magariba mu iyaye kaɗan muka tsaya a bakin masallaci. Wani dattijo ya ce a zamaninsu malami ba ya barin ɗalibai sai da mutuwa, wani matashi mai tuƙa tasi ya amsa masa da cewa, "Baba, idan mahaifiyata ce a kwance, ko fasinja na cikin mota zan sauke shi." Aka yi dariya, amma dattijon bai sauya ra'ayi ba. Abin da muka iya haɗuwa a kai shi ne a kira shugaban makarantar a nemi ya sa wani malami ya riƙe ajin, in kuwa ba zai yiwu ba a rage kuɗin wata mai zuwa, ba tare da an taɓa albashin malamar ba. Ni aka ɗora wa kiran. Ya ce zai yi shawara da mai makarantar ya ba mu amsa ranar Alhamis. Da na sanar da Hajiya, ta ce ba za ta tura ko sidi ɗaya na Disamba ba sai ta ji amsar, ni kuma ban nemi hana ta ba.