Abin da na koya a hannun Baba Samanja

Duk wanda aka ce za a kawo masa tsohon soja ya shugabance shi a wurin aiki, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne tsawa da horo. Mu ma haka muka zata da aka ce mutumin da zai riƙe babban siton kamfanin da nake akawu a ciki ya yi shekara 35 yana sanye da kaki. A bana Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma tun da labarin ya iso ni nake ta tuna zaman da na yi a ƙarƙashinsa. Ba zan kama sunansa ba, don iyalinsa ba masu son a riƙa yawo da sunansu ba ne. Mu dai Baba Samanja muke ce masa, da muƙamin da ya ajiye aiki a kansa.

Tsawar da muke jira ba ta zo ba. Muryarsa ma ƙasa-ƙasa take, sai ka matso kake ji. Abin da ya zo mana da shi wani littafi ne mai kaurin bango, ya ajiye shi a kan teburin bakin ƙofa, ya ce daga yau ba mai tashi aiki sai ya miƙa aikinsa a rubuce. Abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da aka fara ba a gama ba, direban da ke kan hanya har yanzu, alƙawarin da aka yi wa wani mai kaya, duk sai sun shiga. Kuma rubutun kaɗai bai isa ba. Mai tashi zai tsaya ya karanta wa mai karɓa da baki, mai karɓa ya yi tambayoyinsa, sannan su sa hannu tare.

Na tuna wata rana da wani abokin aikinmu ya rubuta cewa an kusa gama lodin mota ta biyu. Baba ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Ɗana, kusa ɗin nan nawa ne? Katan nawa ya shiga, nawa ya rage a ƙasa, kuma wa ya ƙirga?" Yaron ya ce ai gobe da safe yana nan, shi zai ƙarasa. Baba ya dube shi ba tare da ɓacin rai ba, ya ce, "Wa ya ba ka tabbacin goben? Rubuta shi yadda wanda bai taɓa ganin fuskarka ba zai ɗauka ya ci gaba."

Sai da muka saba sannan na san inda ɗabi'ar ta samo asali. Yana kofur aka tura bataliyarsu kudancin Labanon, cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta UNIFIL, wadda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa a watan Maris na 1978 bayan Isra'ila ta kutsa yankin. Hedikwatar rundunar tana garin Naƙura a bakin teku, sojojin kuma daga ƙasashe daban-daban suke, har da Najeriya da Senegal da Fiji da Nepal da Norway. Bataliya takan yi kamar wata shida, sai a kawo wata ta canje ta. A nan, in ji shi, ya gane nauyin miƙa aiki. Sabon da ya zo karɓar shingen bincike bai san wace hanya ce ake zargin an binne nakiya a cikinta ba, bai san motar da ke wucewa kowace safiya da 'yan makaranta ba, bai san dattijon ƙauyen da in ka girmama shi zai kwantar maka da rikici kafin ya tashi ba. Duk wannan a kan mai tafiya yake. In ya yi ɗokin komawa gida ya manta abu ɗaya, wani ne zai biya da jininsa bayan shi ya riga ya isa wurin iyalinsa.

Zancen Labanon yakan yi shi da sakin fuska, har ya taɓa nuna mana shuɗiyar hularsa, yana cewa shi ma yana da ɗan rabo a kyautar Nobel ta zaman lafiya da aka ba dakarun Majalisar a 1988. Laberiya ce ba ya son tayarwa. Yana cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a watan Agustan 1990, sojojin Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo ɗan Gana. An tura su kiyaye zaman lafiya a inda babu zaman lafiyar da za a kiyaye, don mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor ba su yarda da zuwansu ba, da wuta suka tarbe su. Abin da kawai na taɓa ji daga bakinsa game da can shi ne ƙirgar mutane. Ya ce kowace safiya da kowane dare sai ya ƙirga yaransa, kuma ranar da lissafin ya ƙi cika, shi ne zai tattara kayan wanda aka rasa ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya domin a kai wa iyalinsa.

Wanda bai san soja ba yakan ɗauka aikin samanja shi ne ihu a filin fareti. Shi ne dai gadar da ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji. Hafsa ya ba da umarni, amma samanja ne ya san wanda takalminsa ya yage, da wanda bai yi barci ba kwana biyu, da wanda aka aiko masa cewa ɗansa ba lafiya. Da wannan idon ya zo mana sito. Kafin a fara lodi zai bi masu ɗaukar kaya yana duban tafin hannunsu da ƙafafunsu, wanda ya ga yana ɗingishi sai ya mayar da shi kan ƙirga. Ba ya rufe sito sai direban ƙarshe ya bugo waya ya ce ya sauka lafiya. Akwai daren da wata motarmu ta lalace a hanya mai nisa, manaja ya ce a bari sai da safe tun da kayan ba masu lalacewa ba ne. Baba ya ce shi ba kayan yake tunani ba. Ya zauna a kujerarsa har aka samo makanike aka tura, ya kuma kira matar direban da kansa ya shaida mata cewa mijinta yana lafiya, jinkiri ne kawai.

Wani abu da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne yadda yake koyar da duk abin da ya sani ba tare da ɓoye komai ba. A ofisoshi da yawa, kuma na ga haka da idona, mutum yakan ƙunshe sirrin aikinsa a cikinsa don kada a iya yi ba da shi ba. Makulli a aljihunsa, lambobin sirri a kansa, in ya yi tafiya komai ya tsaya cak, shi kuma yana jin daɗin cewa an san darajarsa. A ganina wannan cin amanar aiki ne, ko da ba a ɗauki ko tsinke ba. A soja kowane kwamanda yana da mataimaki, kuma kowa ya san wanda zai karɓi ragama in na gaba ya faɗi. Baba ya zaɓi wani matashi cikinmu, ya riƙa sa shi a gaba a kowace ƙirgar kaya, har ya kai yana barinsa ya yanke hukunci shi yana gefe yana kallo.

Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, bai taɓa yarda da kwamfuta ba sai ya sake ƙirgawa da biro, kuma in ya yanke cewa mutum maƙaryaci ne, da wuya ya sake ba shi dama. Ƙarar abu mai nauyi in ya faɗi ba zato takan canza masa fuska na ɗan lokaci, mu kuma mun koyi yin kamar ba mu gani ba.

Ta wajen iyalinsa ne na fahimci sauran. Uwargidansa, wadda dukanmu muke ce wa Mama, ta taɓa ba ni labarin yadda yake yi duk lokacin da za a tura su wani wuri. Dare biyu kafin tafiya zai zaunar da ita da takarda. Ga kason albashin da ya cike takarda a riƙa biyan ta kai tsaye, ga wanda yake bi bashi, ga wanda ke bin sa, ga lokacin kuɗin makarantar kowane yaro, ga ofishin da za ta je in labari marar daɗi ya zo, ga sunan wanda za ta nema a can. Ta ce tun tana kuka in ya fara har ta zo tana tuna masa abin da ya manta. A wancan zamanin babu wayar hannu, wasiƙa takan yi makonni a hanya, wani lokaci ma ta ɓata. Ita ta yi ta ɗaure kaya daga wannan bariki zuwa wancan, tana nema wa yara sabuwar makaranta a tsakiyar zango, tana kwana asibiti da marar lafiya ita kaɗai.

Amma akwai abin da takardar ba ta iya ɗauka ba, kuma shi da kansa ya faɗa mini. Da ya dawo daga Laberiya, autarsa ta gan shi a bakin ƙofa ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta, ta yi kwanaki ba ta yarda ya ɗauke ta ba. Ya ce ranar ya san cewa ya tsara komai na gidansa, amma zama uba ba aikin da ake bar wa wani riƙo ba ne. Ina jin shi ya sa bayan ya yi ritaya ya zama mai tsananin rowar lokacinsa na yamma. In babu direba a hanya, ana tashi zai tafi, don shi ke duba wa jikoki aikin gida. Haka yake yi mana mu ma. Ranar da ya ji ɗana yana kwance da zazzaɓi ni kuma ina zaune ina haɗa lissafin wata, ya zo ya rufe fayil ɗin da hannunsa ya ce, "Tashi ka tafi, ɗana. Rubuta inda ka tsaya, wani zai ƙarasa. Katan ba ya zazzaɓi."

Da na je yi wa iyalin ta'aziyya, babban ɗansa ya ja ni gefe ya nuna mini fayil ɗin da suka samu a akwatinsa. Takardar sallama daga aiki, takardun fansho, na gida, ɗan bashin da ake bin sa, komai a jere da kwanan wata, kuma gyaran ƙarshe bai wuce 'yan watanni kafin rasuwarsa ba. Duk wanda ya taɓa raka matar wani ɗan mazan jiya neman haƙƙin mijinta, ana ce mata kawo wannan takarda, koma ki kawo waccan, ya san irin wahalar da ya ɗauke wa Mama.

A shafin ƙarshe akwai sunayen matan wasu abokan aikinsa da ba su dawo daga Laberiya ba. Ashe duk shekarun nan yana leƙa su yana kai ɗan abin da ya samu, ba wanda ya sani sai Mama. A gaban kowane suna ya rubuta inda take zaune, da yawan 'ya'yanta, da abin da ya fi damun ta, a ƙasa kuma ya roƙi 'ya'yansa su ci gaba in da hali. Sun raba sunayen a tsakaninsu. Ɗaya daga cikin matan ta fi kusa da inda nake zaune, sai na ce su bar mini ita, suka amince. Ɗan nasa ya karanta mini abin da ke gaban sunanta, na yi tambayoyina, kuma ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan je in gaishe ta.