Akwatuna Tara a Bangon Ofishinmu

Abu na farko da nake kalla duk safiya idan na shigo ofis shi ne tsohuwar talabijin ɗin da muka kafe a bango, saman teburin da ake ajiye filas ɗin shayi. Akwatuna tara take nunawa a jere, yawanci kowanne ko kore ko ja. In duk sun yi kore, sai in zauna in karya kumallo hankali kwance. In ɗaya ya yi ja, to na san inda yinin ranar zai tafi.

Mu huɗu ne a kamfanin, a hawa na biyu na wani gini a Kano. Aikin da ya fi ciyar da mu shi ne kula da wata kwamfaila ta wani kamfani a Turai mai ƙera injunan auna kaya da ɗurawa a buhu. Injunan suna da ɗan yarensu na umarni. Injiniya zai rubuta abin da yake so inji ya yi a wannan yare, ita kuma kwamfaila ta zama tafinta, ta juya rubutun zuwa lambobin da ƙwaƙwalwar injin ke ganewa. Ita kanta tafintar manhaja ce, an rubuta ta da yaren rubuta manhaja na C da ɗan C++ tun kafin wasu yaranmu su shiga firamare, kuma sai an ba wata kwamfailar ta gina ta kafin ta yi aiki. A Linux, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, muna ginawa da kwamfailolin GCC da Clang, a Windows da ta Microsoft da kuma MinGW, a Mac da Clang ɗin Apple. Injiniyoyin da ke amfani da ita kowa da kwamfutar da ya saba, kuma ba mai yarda ya canza don a sauƙaƙa mana.

Kawuna ya taɓa zuwa ofishin. Ya dubi yara kowa ya tasa allo a gaba, ya ce, "Kai ɗan nan, wai me kuke sayarwa a nan?" Na ce, "Kawu, gyara muke yi." Ya ce me ya lalace. Na ce ba abin da ya lalace tukuna. Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Amma amsar da na ba shi ita ce gaskiyar sana'ar, ita ce kuma abin da ya fi ba ni wuyar bayani ranar da ake maganar kuɗi.

Akwatuna takwas na ginawa ne: Linux da GCC, Linux da Clang, tsohon Linux, Linux a kan Raspberry Pi (wata 'yar ƙaramar kwamfuta kamar tafin hannu), Windows kashi biyu, Mac mai ƙwaƙwalwar Intel, da Mac mai ƙwaƙwalwar Apple. Kowane dare kowannensu zai ɗauko kod, wato rubutun manhajar, da aka rubuta a ranar, ya gina kwamfailar daga tushe, ya ba ta shirye-shiryen gwaji ta fassara. Na tara shi ne wanda nake alfahari da shi. Yana tattara abin da takwas ɗin suka fitar ya gwada su da juna, bayit da bayit, wato lamba da lamba. Injin da ke masana'anta bai san ko a Windows aka fassara masa umarni ko a Mac ba, kuma bai kamata ya sani ba. Dabarar ba tawa ba ce. Masu GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, sun daɗe suna gina ta hawa uku, ta gina kanta da kanta, sannan su gwada hawa na biyu da na uku. In suka bambanta, akwai ɓaraka. Na aro tunanin ne na shimfiɗa shi a tsakanin kwamfutoci.

Ranar da muka fara kunna akwati na tara, ja ya yi. Fayil ɗin da Windows ta fitar ya fi na Linux tsawo da 'yan bayit kaɗan. Ni da ma'aikaciyarmu, wadda ta fi mu duka haƙurin bin diddigi, muka buɗe fayilolin biyu gefe da gefe muna bi layi-layi har bayan la'asar. Can ta ɗora yatsa a allo ta ce, "Oga, duba nan. Duk inda 10 ta fito, a na Windows akwai 13 a gabanta." Shi ke nan. A Linux da Mac, lamba 10 kaɗai ke nuna ƙarshen layi. Windows kuwa tana sa 13 sannan 10, gadon da ta ci daga zamanin na'urar buga rubutu, inda ake mayar da kan na'ura farko sannan a sauko layi. In ka buɗe fayil a Windows ba ka ce mata ɗanyen lambobi za ka zuba ba, sai ta ɗauka rubutu ne, ta riƙa cusa maka 13 duk inda ta ga 10. A wani lungu na kod ɗin, wani ya rubuta "w" inda ya kamata ya rubuta "wb". Harafi ɗaya. A Linux ba bambanci tsakaninsu, shi ya sa wanda ya rubuta bai taɓa gani ba. Lungun ba a cika bi ta cikinsa ba, Allah ne ya tsare bai taɓa kai ga injin wani ba.

Daga ranar na daina yarda da kalmar "yana aiki a kwamfutata". Duk sabon yaro sai ya faɗe ta sau ɗaya, ni kuma sai in nuna masa bango.

Yawancin abin da ke karya mana gini irin wannan ne, ƙananan al'adu da kowace babbar manhaja ta taso da su. Linux tana bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Windows da Mac kuwa a yadda suke zuwa ba ruwansu. Sai yaro ya rubuta sunan fayil da babban baƙi a Mac, komai ya tafi daidai, dare ya yi Linux ta ce ba ta san wannan fayil ba. Windows tana da sunayen da ta haramta tun zamanin DOS, manhajar da ta gada, irin su CON da NUL da AUX. Wani ya taɓa raɗa wa fayil suna aux.c, washegari duk mai Windows ya kasa ko sauko da kod ɗin. Akwai kuma tsohuwar iyakar haruffa 260 a tsawon hanyar fayil, wadda har yau take kama mu in folda ta yi zurfi. Mac nata salon daban: ka kira gcc, Clang ce za ta amsa maka da sunan, make ɗin da Apple ke bayarwa, kayan aikin da ke tsara gini, na 2006 ne, bash ɗinta mai karɓar umarni shi ma tsoho ne. Wannan ya sa muka kwashe tarkacen rubutun ginawa muka koma kayan tsara gini na CMake da Ninja, aikin da ya ci mana wata uku, kuma ban yi nadama ba, ko da yake yaren CMake ɗin ba abin so ba ne.

Waɗannan masu sauƙi ne, domin suna ihu. Gini ya tsaya, saƙo ya fito, ka gyara. Waɗanda ke hana ni barci su ne masu shiru, inda gini zai kammala lafiya amma lissafi ya karkace.

Misali, akwai nau'in lamba a C da ake kira long. A Linux da Mac na zamani faɗinsa, wato yawan gurbin da yake ɗauka, bit 64 ne. A Windows, ko da mai bit 64 ce, 32 ne. Tsofaffin da suka fara rubuta kwamfailar sun zuba adireshi da manyan lambobi a cikinsa ko'ina, don a kwamfutocinsu yana ɗauka. A Windows sai kan lambar ya guntule ba tare da ko tari ba. Mun shafe kusan shekara muna tsince su ɗaya-ɗaya, muna maye gurbinsu da nau'in da faɗinsa ke rubuce a sunansa. Haka kuma umarnin jera abubuwa na C, qsort, bai yi alkawarin wanda zai riga wani ba in abubuwa biyu suka yi kunnen doki. Kowane ɗakin karatu da yadda yake yi. Jerin da babbar manhaja ke ba ka na fayilolin cikin folda shi ma ba tsari ɗaya ba ne. Duka biyun akwati na tara ne ya tona su.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na ARM, wani nau'in ƙwaƙwalwar kwamfuta daban da na Intel. Da Apple ta fito da M1, ƙwaƙwalwarta ta ARM, a ƙarshen 2020, mutanenmu na Turai suka ce suna so. Muka sayi ƙaramar Mac, muka ɗan sha fama, gini ya yi kore. Ni da bakina na rubuta musu cewa mun gama da ARM. Bayan wasu watanni wani injiniyansu ya gwada a Raspberry Pi, kwamfailar ta kama karanta fayil ta ƙi tsayawa, har na'urar ta ɗau zafi. Dalili: nau'in char, wanda ake ajiye harafi ɗaya a ciki, a Linux na ARM ba ya ɗaukar lambar da ke ƙasa da sifili, alhali alamar ƙarshen fayil ƙasa da sifili take. A Intel yana ɗauka, Apple ma ta zaɓi ya ɗauka a nata ARM ɗin. Wato kod ɗin na jiran alamar da ba za ta taɓa zuwa ba. Na yi alkawari a kan na'urar da ba ni da ita, abin da ya jawo ke nan. Tun daga nan doka ce a kamfanin: ba ma cewa muna goyon bayan wata babbar manhaja sai akwai na'urarta da ke gini kowane dare. Masu yaren Rust suna da irin wannan tsari, sun kasa na'urori hawa-hawa, na hawan farko kaɗai suke ba da tabbaci a kai domin su ake ginawa a gwada a kan kowane canji. Raspberry Pi ɗin yanzu yana kan kanta kusa da taga, an ɗaure masa ƙaramar fanka da roba, kuma lokacin hunturu sai an busa masa ƙura duk mako.

Akwai guda da mu ne muka gano shi saboda inda muke. Ƙaramin cikinmu ya buɗe folda a Windows ya sa mata suna "ƙidaya", ya zuba gwaje-gwajensa a ciki. Kwamfaila ta ce ba fayil. Windows tana riƙe sunaye da UTF-16, tsarin da ke ɗaukar haruffan yaruka daban-daban, tsofaffin ƙofofin da kod ɗin ke bi kuwa suna mayar da suna zuwa wani ƙaramin jerin haruffan Yammacin Turai, wanda ba ƙ a ciki, ba ɗ, ba ɓ. Masu kamfanin na Turai ba su taɓa cin karo da shi ba, don haruffan yarensu suna cikin jerin. Da muka gyara, ashe mun share wa abokan cinikinsu na wasu ƙasashe hawaye su ma.

Wani lokaci kuma ba wanda ya taɓa komai, gini ya karye. A 2024 GCC 14 ta fito ta mayar da wasu tsofaffin halaye na C kuskure, irin kiran aiki ba tare da an gabatar da shi ba, abin da ƙa'idar C ta cire tun 1999 amma ake ta kawar da kai. Dare ɗaya akwati ya yi ja a kan kod ɗin da ya shekara ashirin yana zaune lafiya. A shekarar dai, ranar 30 ga Yuni, wa'adin CentOS 7, wani tsohon nau'in Linux, ya ƙare, alhali masana'antu da yawa na kansa. Mu kuwa dole mu ci gaba da gini a kan tsohon glibc ɗinsa, wato ɗakin karatun C da shirye-shirye ke dogaro da shi, don abin da aka gina a kan sabo ba ya tashi a kan tsoho, amma na tsoho yana tashi a kan sabo. Ga sabo na ja gaba, ga tsoho ya ƙi sakin riga, mu muna tsakiya.

A nan maganar kuɗi ta shigo. Da farko a kan kowace matsala nake caji, kuma wauta ce. Wata mai kyau, wanda muka hango komai muka toshe tun kafin ya fashe, shi ne watan da ba mu da abin rubutawa a takardar biya. Na koma na ce a biya mu duk wata, kuma kowane akwati da kuɗinsa. Wannan ya gyara wani abu da ban zata ba: yanzu in suka ce a ƙara wata na'ura, sai sun tsaya sun yi lissafi ko da gaske akwai mai bukata. A haka muka yi sallama da Windows mai bit 32, bayan an bincika an ga saura masana'anta ɗaya, ita ma ta yarda ta sauya. Na Mac da na Raspberry Pi a ofis suke, sauran muna haya ne a intanet. Lokacin da muka fara, minti ɗaya na Mac a GitHub, dandalin da ke ba da hayar na'urorin gini, ana lissafa shi daidai da minti goma na Linux, shi ya sa sayen tamu ya fi araha ko da an haɗa da kuɗin sola da batura. Wuta kuwa ba sai na faɗa ba. Inbata ta taɓa mutuwa da tsakar dare, da safe na tarar da akwatuna uku sun yi ja, na ɓata awa guda ina neman kuskure a kod kafin in lura na'urorin a kashe suke. Yanzu mun ƙara launi na uku, ruwan toka, ma'ana ba a yi ginin ba sam.

Abin da nake nema ga wanda zan ɗauka aiki ya canza. Da ina neman mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ya san ka'idar fassara yare. Yanzu sai in ba shi saƙon kuskure mai layi ɗari biyu in ga ko zai karanta daga sama, ko zai tsallaka ƙasa ya fara canke. Mai canke shi ke yin gyaran gangar Auzinawa: ya toshe Windows da wani sharaɗi na musamman, Mac ta ɓalle, ya toshe Mac, kod ya cika da faci. Mu duk abin da ya shafi bambancin babbar manhaja, buɗe fayil ne, hanyar folda ce, tada wani shiri ne, mun tattara shi a folda ɗaya. Sauran kod ɗin an hana shi sanin inda yake.

Makon jiya saƙo ya zo cewa wasu injiniyoyin kamfanin na Turai sun fara sayen kwamfutocin Windows masu ƙwaƙwalwar ARM, suna tambaya ko kwamfailar za ta yi. Ma'aikaciyarmu ta ce a ganinta za ta yi, tunda mun riga mun wuce Windows mun wuce ARM. Na ce mata ni ma haka nake zato. Na rubuta musu farashin akwati na goma, na ce su aiko da na'urar, in ta iso ta kwana bakwai tana kore sai mu ba su amsa.