Yara huɗu a ɗaki ba madugu

Lokacin da na je Ingila karatun digiri na biyu, bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda mutum ya yi aiki a sati in ana cikin zangon karatu, kuɗin haya kuma ba ya jiran kowa, don haka duk aikin da ya samu kamawa ake. Abokaina wasu suna gidajen kula da tsofaffi wasu suna sito, ni kuma Allah ya haɗa ni da wata okestra ta yara, wato babbar ƙungiyar makaɗa, da ke taruwa duk Asabar a ginin wata sakandare. Ba kiɗa aka ɗauke ni ba, ko rubutun kiɗan ma ban san kansa ba a lokacin. Aikina jera kujeru, kiran suna, raba takardu, da zama a ɗaki don ƙa'idarsu ba a barin yara ba babba a kusa, sai da ma aka yi min binciken nan na DBS, wato duba ko mutum yana da tarihin laifi, kafin na fara. Ranar da na faɗa wa Umma a waya shiru ta yi, can tace "wai makaɗa ka koma bi?" nace a'a Umma, yara nake kula da su. Kuma gaskiya na faɗa mata, don kafin tafiyata shekara biyar na yi ina koyarwa a Zariya, yara kam na san su, ko in ce na ɗauka na san su.

Da safe babbar okestra ake yi, yara wajen 70, daga masu shekara 12 zuwa 18. Masu bayolin, wato gogen Turawa, sun fi kowa yawa, sai biyola wadda ta ɗan fi bayolin girma da kaurin murya, sai celo da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, sai masu busa can baya. Obo ce ke ba da sautin da kowa zai daidaita kayansa da shi kafin a fara, kuma duk ranar da na ji ta algaita nake tunawa, don bakin busarsu iri ɗaya ne. Sandar goga bayolin ma izgar doki ce, har ƙaro suke goga mata kamar dai yadda mai goge ke yi a gida. A gaba akwai madugu da 'yar sandarsa, shi zai ce a fara, shi zai ce a tsaya, shi zai ce an yi sauri. Masu tsirkiya biyu-biyu suke zama suna kallon takarda ɗaya, kuma duk masu biyola goma abu ɗaya suke kaɗawa. Ka riƙe wannan, nan maganar take.

Akwai wata yarinya mai biyola 'yar shekara 14 a kujerar ƙarshe. Ni da ke zagayawa ta baya na lura hannunta na tafiya daidai da na kowa amma in ka matso kusa ba abin da ke fita, izgar na shafar tsirkiya ne kawai sama-sama. Nan take na gane ta, don na yi ajin da ke da yara sun fi 70, in ka tambaya "kun gane?" duk aji zai amsa "eh malam" har rufin kwano ya ɗauka, alhali rabi baki kawai suke motsawa. A raina na riga na yanke mata hukunci, nace wannan iyayenta ne suka turo ta, ba ta so kuma ba ta iya ba.

Da rana kuma sai a raba wasu daga cikinsu ƙanana-ƙananan rukuni, shi ne abin da suke kira kiɗan camba, wato kiɗan ɗaki, don asalinsa a falon manya da gidajen mutane ake yin sa ba a babban zaure ba. Mafi shahara shi ne kwatet na tsirkiya, bayolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya. Masu busa su biyar ake haɗawa, fulut, obo, kilarinet, hon da basun. Abu biyu ne suka raba shi da okestra, kowa layinsa nasa ne shi kaɗai, kuma babu madugu. Malamar da ke kula da wannan sashen wata dattijuwa ce mai celo, da na ga ta sa sunan yarinyar nan a kwatet wallahi raina bai so ba, har na ce mata anya ba za a kunyata ta ba kuwa? Tace min shekara biyu tana kallonta, yatsunta na hagu suna sauka daidai inda ya kamata, wanda bai iya ba ba ya haka, tsoro ne kawai, kuma a layin mutum goma ba ranar da wani zai buƙaci jin ta.

Zaman farko ba zan manta ba. An jera kujeru huɗu kamar rabin da'ira, kowa ya ɗaga sanda, sai suka juyo suna kallon malama. Ita kuma ta zauna can gefe ta harɗe hannu. Suka yi tsuru-tsuru, ni kaina zaman ya dame ni har na fara gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sai da yaron bayolin na ɗaya yace "za ki ƙirga mana?" tace a'a, ranar wasa ina cikin 'yan kallo. Ta nuna musu yadda ake yi, mai jan gaba zai ja numfashi da ɗan ɗaga kafaɗa daidai da saurin da yake so a tafi, sauran ukun su ja numfashin tare da shi, inda numfashin ya sauka nan kiɗa zai fara. Kusan minti 20 suka yi a kan sauti ɗaya tak. Sannan ta sa kowa ya karɓi jan gaban bi da bi har da yarinyar, wadda nata numfashin ko na kusa da ita bai ji ba, aka yi ta maimaitawa har sai da mai celo ya iya shiga da ita.

Da Haydn suka fara, kusan kowa da shi yake farawa, mutumin Ostiriya ne da ya rubuta kwatet 68 har ake ce masa uban wannan salon. A nan na fara gane cewa sauraro ma koyar da shi ake yi kamar lissafi. Malamar takan sa biyu su kaɗa biyu su saurara sannan su faɗi abin da suka ji. Takan sa su juya wa juna baya su kaɗa ba ido sai kunne. Takan tsayar da su a kan sauti guda ta ce celo ya fara, na sama su hau kansa ɗaya bayan ɗaya, in akwai ɗan saɓani sai ka ji sautin yana rawa kamar yana kaɗawa, in ya daidaita sai rawar ta ɗauke ɗakin ya cika, ni da ban san komai ba ma ina jin bambancin a jikina. Kuma ta hana su zuwa da takardar layinsu kaɗai, ta ba kowa cikakken rubutun mai layi huɗu da fensir, tace kowa ya rubuta a takardarsa wa ke da babbar murya a kowane wuri. Tambayar da ta fi yi musu ita ce "yanzu wa kake bi?" Sau da yawa amsar ba ta zama bayolin na ɗaya ba.

Toh ga inda ni na yi kuskure. Rukuni huɗu ne malama ɗaya, don haka takan bar su su yi gwaji su kaɗai ni ina zaune. Wata Asabar gardama ta kaure a kan sauri, yaron bayolin na ɗaya yana so a ruga don shi ya iya nasa, mai celo yace ana tattake masa layi, mai bayolin ta biyu tana goyon wannan tana goyon wancan, murya ta fara tashi. Malantar da ke jinina ta motsa, na miƙe nace ya isa, shi ne na ɗaya, ku bi abin da yace a wuce wurin. Suka yi shiru suka bi, ni kuma na ji na yi aiki. Da malamar ta dawo na ba ta labari, ba ta yi faɗa ba amma fuskarta ta canza, tace wannan gardamar ita ce darasin yau, sati shida tana jiran su fara ta. Tace in ba zagi ko kuka ko wani ya taɓa wani ba, in bar su. Kuma na ga illar abin da idona, sati biyu cur duk sanda suka tsaya sai su waiwayo su kalle ni, ni da ko sunan sautukan ban sani ba na zama madugu. Abin ya tsaya min a rai sosai, don na tuna sau nawa na yi wa ɗalibaina haka a Zariya, suna gab da warware abu da kansu in katse don ina son aji ya yi tsit.

Abin da ta koya musu maimakon hukunci shi ne duk wanda ya kawo shawara sai an gwada ta da gaske sau ɗaya kafin a ƙi, ba a musu da baki sai an kaɗa. Kuma ba a cewa "kin yi kuskure", sai dai "mu sake daga nan, ina ji ba mu haɗu ba". Da farko na ɗauka ladabin Turawa ne kawai na baki, daga baya na ga amfaninsa, mutum huɗu ne kacal, in ɗaya ya yi fushi ya naɗe hannu shikenan kiɗa ya mutu, babu na biyar da zai rufe.

Zango na biyu ta kawo musu kashin farko na kwatet ɗin da Dvořák, wani marubucin kiɗa ɗan ƙasar Cek, ya rubuta a 1893 a wani ƙauye mai suna Spillville a jihar Iowa ta Amurka. Da gangan ta zaɓe shi. Shi kansa Dvořák ɗan biyola ne, ya yi shekaru yana kaɗa ta a okestrar gidan wasa a Prag, kuma a wannan kiɗan bayan 'yar shimfiɗar da bayolin biyu da celo suke yi, biyola ce ke fara fito da babbar waƙar ita kaɗai. Waƙar a kan sauti biyar take tafiya, shi ya sa ma kunnena ya kama ta da wuri, ta yi min kama da abin da na saba ji. Ranar farko shimfiɗar ta fara, wurin shigarta ya zo, ba abin da ya fito, rami kawai. Suka sake, rami. Ba wanda ya ce uffan, ni kuma na danne harshena da ƙyar. A na huɗu ne yaron nan da na ɗauka mai girman kai ne ya sauke muryar bayolin ɗinsa ƙasa sosai har kamar raɗa, ta biyun ta bi shi, sai ga muryar biyolar ta fito, siririya tana rawa amma daidai take. Ba wanda ya ce masa ya yi hakan. Ranar wasa a gaban iyaye ba su yi shi tsaf ba, sun rabu a tsakiya na ɗan lokaci, amma mai celo ya ɗaga kai suka haɗa ido suka dawo tare ba su tsaya ba.

Ba kowane rukuni ne ya yi kyau ba fa. Na masu busa ya watse kafin ƙarshen shekara don mai hon ya daina zuwa kuma babu wani. Wani kwatet ɗin an haɗa yaro mai mataki na 8 a jarrabawar kiɗa da masu mataki na 5, shi ya gaji su kuma suka tsorata. Ga tsada, madugu ɗaya ya ishi yara 70 a zaure ɗaya, amma kiɗan ɗaki kowane huɗu sai da ɗakinsu da lokacin malami, shi ya sa in kuɗi ya yi ƙasa shi ake fara yankewa, kuma yaran da iyayensu ke iya biyan malami a gida su ba su rasa komai ba, na kujerar baya ne ke rasawa. Ina jin daɗin manyan abubuwa irin okestrar matasa ta ƙasar Birtaniya da aka kafa tun 1948, ko El Sistema, shirin koya wa yara kiɗa da José Antonio Abreu ya fara a Benezuwela a 1975, hoton yara ɗari a dandali yana sa tsigar jiki tashi, amma tun daga wannan aikin in na ga irin hoton layin baya nake fara dubawa.

Abin da ya ƙara min nauyi shi ne mu ma muna da irin wannan a gida ban taɓa lura ba. A makarantar allo kowa na karatu da ƙarfi lokaci ɗaya, amma dole ka zo gaban malam da allonka ka biya kai kaɗai kafin a ce ka wanke. A ajin boko ne na bar amshi ya cinye biyawar.

Yanzu na dawo aji, yara 64 gare ni a lissafi. Ranar Laraba nakan raba su huɗu-huɗu, in yanka tambaya ɗaya gida huɗu yadda in ɗaya bai kawo nasa ba amsar ba za ta fita ba. Hayaniya kam ba a magana, malamin ajin da ke kusa ya yi min ƙorafi sau biyu, bencinan ma ba sa juyuwa sai wasu sun zauna a ƙasa, kuma rukuni 16 sun fi ƙarfin ido biyu. Har yanzu in gardama ta tashi ƙafata na so ta kai ni wurin, sai in je bakin taga in tsaya. Satin da ya wuce wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba tun farkon zango na ji ta tana ce wa wanda ya fi kowa maki a ajin "tsaya, ba haka ba ne, sake duba layi na biyu."