Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na shaƙe inzayim

Jama'a barkanmu da wannan mako. Mun tsaya ne inda malamina ya ce aikin mastas ɗina zai zama ɗaure inzayim a jikin ƙwayoyin ƙarfe, na ce to kawai na fito, wlh ban gane kai ba ban gane gindi ba.

Da Inna ta tambaye ni me nake yi a lab har magariba, nace Inna kin san tsiron da kike zubawa a kunun zaƙi ya tsinke ya yi zaƙi? To abin da ke aikin a ciki shi ne inzayim. Tace au, shi ne sai an je jami'a.

Nawa sunansa laifes, maiƙo yake fasawa, ga tsada, 'yar kwalba kamar ta turare, kuma in ka zuba shi a ruwa ya gama aiki shikenan ya bi ruwa. Shi ya sa ake ɗaure shi a jikin ƙwayar da maganaɗisu ke ja, a janyo abinsa a wanke a sake mora.

Haɗa ƙwayoyin ne ya fi burge ni. Gishirin ƙarfe iri biyu, kashi 2 da kashi 1, ina ɗiga amoniya ina hawaye saboda wari, kafin kace me ruwan ɗorawa ya koma baƙi ƙirin, kowace ƙwaya wajen nanomita 10 ce, gashin kai guda ya fi ta kauri sau dubbai, amma ina kara maganaɗisu a jikin kwalba sai ga baƙin nan ya taru gefe guda ruwa ya washe tas. Sau biyar na maimaita ni kaɗai kamar yarinya.

Sai ranar ɗauri. Maganin da ke haɗa inzayim da ƙwayoyin, gulutaraldihaid, kashi 25 cikin ɗari yake zuwa, sirkawa ake yi sosai, ni kuwa nace bari in ƙara don ya kamu da kyau. Ya kamu kam. Na gwada shi da man zaitun, shiru, ko motsi.

Malam ya duba littafina ya cire tabarau yace, ke Malama, in kika ɗaure akuya a turke ba ki bar mata igiya ba, da wane baki za ta yi kiwo? Rabin kwalbar laifes ke nan ta tafi, kuma kuɗin adashen Inna ne. Yadda na faɗa mata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.