Kashi 16 Ɗin da Iskar Hunturu Ta Ba Ni

Makon jiya na miƙa kwafin ƙarshe na aikin kammala karatuna, na kwashe kayana daga ɗakin ƙere-ƙeren sashenmu. Tunda na fita, zan faɗi yadda aikin murfin taya ya kasance, saboda ƙannenmu na ajin baya suna ta tambayata, kuma labarin da ke yawo a sashe ba cikakke ba ne.

Cire tallafin mai ne ya kai ni ga wannan aiki. Kafin 29 ga Mayu, 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, zuwa farkon 2024 ta haura 600. Baffana yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya da Golf 3, kullum ya dawo lissafin mai ne a bakinsa. Na san taya da ramin da take juyawa a ciki suna jawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na turjiyar iskar da ƙaramar mota ke fama da ita, shi ya sa Tesla ke sayar da Model 3 da murfi a tayoyinta, Honda Insight ta 1999 kuma ta rufe tayoyin baya har rabi. Sai na ce me zai hana mu yi namu da abin da ke kasuwa? Na sayi manyan farantai huɗu na sanholo a Sabon Gari, na kai wa maƙeri ya daddale su, ya huda gurbin noti da na bakin ba taya iska.

Gwajin farko a watan Janairu muka yi shi. Muka cika tanki a Kano, muka ɗaura murafen, muka kama hanya. A Zariya muka sake cikawa, mota ta sha lita 9.4. Muka kwance murafen muka juyo, a Kano ta sha lita 11.2. A bakin famfon gidan man na buga lissafi a waya, ragin shan mai kashi 16 cikin 100. Baffa ya yi kabbara. Ni kuwa ban ko isa gida ba na kira malamin da ke duba aikina na gaya masa.

Wannan kiran shi ne kuskurena, kuma ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba. Tafiya ɗaya, dawowa ɗaya, na kira shi sakamako. Kafin mako ya zagayo malam ya kai wa shugaban sashe, an sa adadin a allon baje kolin ayyukan ɗalibai, sunansa a sama, nawa a ƙasa. Abokai suka fara kirana Injiniya, na ji daɗi ƙwarai.

Dattijon da ke kula da injinan ɗakin ƙere-ƙere ne ya tsayar da ni. Ba ya cikin masu digiri, amma ya fi shekara talatin yana riƙe da sifana. Ya karanta allon, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, zo mu yi lissafin 'yan tireda. A gudun kilomita 100, nawa ne rabon iska a man da mota ke sha?" Na ce, "Wajen rabi, Baba." Ya ce, "Taya kuma ka ce kwata ne na wannan rabin. To ko ka cire tayoyin ka jefar, motar ta tafi a iska, nawa ka rage?" Kwatan rabi bai wuce kashi 12 ko 13 ba. Ni kuma ina da'awar 16 da faranti huɗu. Sai ya ƙara tambaya ɗaya: "Ranar daga ina iska ke kaɗawa?"

Daren nan ban yi barci ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Zariya kuma tana kudu maso yammacin Kano. Wato da murfi iska na tura mu ta baya, ba murfi muna karo da ita. Turjiyar iska kuwa ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, in gudu ya ninka sau biyu ita sau huɗu take ninkawa. Iska mai gudun kilomita 15 kacal ta isa ta sa mota mai tafiyar 100 ta ji kamar 85 a tafiya, 115 a dawowa, bambancin turjiyar ya kusa ninki biyu. Zariya ta fi Kano tudu da kusan mita 200, abin da ya kamata ya sa tafiya ta fi cin mai, amma iskar ta shanye wannan har ta bar rara. Ga gidajen mai biyu daban, kowanne da famfonsa da inda mai zubawa ke ganin tanki ya cika. Ga Baffa, wanda ya amsa mini da bakinsa cewa da murafen a jiki ya riƙa lallaɓa totur don tsoron kada su cire.

Na sake aikin daga tushe, da kuɗin aljihuna. Muka zaɓi miƙaƙƙen wuri kafin Kwanar Ɗangora, muna fita bayan sallar asuba lokacin da iska ke kwance kuma hanya ba cunkoso. Baffa ya kai mota 100, ya sa ta a firi, ni in riƙe agogo har ta sauko 60, domin in turjiya ta ragu motar ta fi daɗewa kafin ta sauko. Mu yi ta nan, mu juyo mu yi ta can. Ba murfi, da murfi, sannan a sake ba murfi, don in wani abu ya canza a tsakani mu gani. Na daina yarda da famfo: bakanike ya ja mana tiyo zuwa ƙaramin tanki da nake ɗorawa a sikeli kafin tafiya da bayanta, tunda litar fetur wajen giram 740 ce. Na kuma koyi cewa ba a haɗa gwajin safe da na rana, domin iskar da ke ma'aunin zafi 15 ta fi ta 40 nauyi da kusan kashi 9, wanda ya fi abin da nake nema. Bayan mako uku abin da na samu kashi 2 ne, a babbar hanya kawai, kuma bambancin da ke tsakanin gwaji da gwaji ya kusa kai hakan.

Na kai wa malam takardun a ofis. Ya duba shafin farko kawai ya ture. Na ce, "Yallaɓai, na farkon iska ce, ba murfi ba ne." Ya ce an riga an faɗa wa manya, kuma kashi 2 ba abin da za a kira aikin kammala karatu ba ne. In bar na farko a babi na huɗu, sabon in sa shi a rataye a ƙarshe in na matsu. Na ce ba zan iya sa hannu a kan adadin da na san ba gaskiya ba ne. Daga ranar ya daina ɗaga wayata. Babi ɗaya ya yi mako shida a teburinsa.

Ranar kare aiki ita ce har yau ban huce ba. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata makaranta ya ga adadin biyu, ya tambayi yadda aka yi 16 ta hau allo. Kafin in buɗe baki malam ya karɓe, ya ce ai tun farko ya gargaɗe ni kan iska, gaggawar yaran zamani ce, shi ya tilasta mini in sake gwajin. Dattijon ɗakin ƙere-ƙere yana tsaye a bakin ƙofa, muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai. Ni ma na yi shiru, domin makina yana hannun mutumin. Aka ba ni C. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ni na yi gaggawar kira, na yarda. Amma wanda ya ce in binne gyaran shi ne ya tashi a gaban baƙo ya ce gyaran nasa ne, wannan kuwa ban yafe ba tukuna. Wanda duk zai zaɓi mai duba aikinsa, ya tambayi waɗanda suka gama a hannunsa, kuma duk abin da aka gaya masa a ofis ya koma ya rubuta da kwanan wata.

Sauran abubuwan gajeru ne. Murfin da ba huda yana hana birki shan iska, bayan 'yan tsaye-tsaye a cikin gari tayoyin gaba ba sa taɓuwa don zafi, don haka na gaba sai da ramuka. Igiyar roba ba ta riƙe murfi a hanyoyinmu, ɗaya ya fice a wani rami kusa da Tashar Yari, Allah ya kiyaye ba mai babur a gefe. A ƙasa da gudun 60 ban ga wani amfani ba. Taya mai ƙarancin iska da buhunan da ake ɗaurewa a bayan but a buɗe sun fi cin mai nesa ba kusa ba, ziyarar mai faci ta fi farantaina amfani ga Baffa.

Kashi 2 a lita 20 ɗin da yake sha zuwa da dawowa bai kai rabin lita ba. Na gaya masa haka, na ce in ya ga dama ya cire. Ya bar na baya biyu, ya ce rabin lita ma mai ne. Kwafin da ke ɗakin karatun sashe yana ɗauke da adadin biyu a babi na huɗu, da bayanin iskar a ƙasansu, kuma a shafin godiya sunan dattijon nan na fara rubutawa. Har yanzu Baffa yana bina kuɗin lita 60 na gwajin mako ukun nan, na yi masa alkawarin albashina na farko.