Daga Nima zuwa Bosomtwe: arba'in ɗin Alhaji mai motoci

Mun bar unguwar Nima ta birnin Accra bayan sallar asuba, mu huɗu, a cikin tsohuwar Corolla da marigayi Alhaji mai motoci ya sayar wa ɗayanmu shekarun baya. Kumasi muka nufa, wajen sadakar arba'in ɗinsa. Tsakanin Accra da Kumasi kusan kilomita 250 ne, amma hanyar cike take da tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma wurare da yawa ba a raba ta biyu ba. Wanda ya wuce Pokuase da Nsawam kafin cunkoso zai iya isa cikin awa biyar. Wanda ya makara, sai ya haɗa azahar da la'asar a hanya.

Daga Suhum zuwa Bunso ba mai magana. Sai a wajen Anyinam, da muka ga samari a bakin titi suna ɗaga gyazbi, wanda a nan ake kira akrantie, hirar Alhaji ta ɓarke. Ba ya sayen naman bakin hanya, domin ba a san ko an yanka ba, kuma akwai masu kamawa da guba. Nasa shi yake harbowa da bindigarsa mai baki ɗaya, da bisimilla, ya yanka nan take idan da sauran rai, ya fitar da kayan ciki kafin rana ta yi zafi. Lasisin bindigar yana sabunta shi kowace shekara. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da hukumar namun daji ta Ghana take rufe farauta saboda dabbobi na ɗauke da ciki ko suna shayarwa, sai ya goge bindigar da mai ya rataye. Gyazbi kaɗai aka saba bari a kama a watannin nan, shi ma da izini, amma Alhaji ko shi ba ya taɓawa.

Muka bar duwatsun Kwahu a hannun dama a Nkawkaw, muka wuce Konongo da Ejisu, muka shiga Aboabo, unguwar zango a Kumasi, da hantsi. An kafa rumfuna a titi, malamai sun sauke Alƙur'ani, ana rabon masa. Abin da ya ja hankalina shi ne yawan waɗanda ba 'yan zango ba: direbobin tasi Asantawa da baƙaƙen zannuwansu, fitoci, wato makanikai, daga Suame da baƙin mai a farce, har da wata mai sayar da tumatir da ya taɓa hana ta sayen motar da take so a garejinsa, ya ce ba za ta iya da man da take sha ba. Na yi wa babban ɗansa gaisuwa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya, Kawu. Kada ku koma ba ku leƙa gareji ba. Yaran Baba suna nan."

Garejin yana gefen Suame Magazine, unguwar da in ka rasa wani ƙarfen mota a cikinta, da wuya ka same shi a wani wuri a Ghana. Babban yaron Alhaji a garejin, wanda yanzu shi ake ce wa masta, ya zagaya da mu wata mota da ta iso daga Amurka, ya nuna mana yadda maigidansa yake duba mota kafin ya sa mata kuɗi. Ba ya fara da fenti. Da sassafe yake zuwa, injin a sanyaye, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai: in ya ga abu fari-fari kamar kindirmo, akwai yiwuwar ruwa na haɗuwa da mai, gasket ya ƙone. Sai ya murɗa makulli bai tayar ba, ya kalli fitilun gaban direba. Fitilar jakar iska dole ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye cewa jakar ta taɓa fashewa.

Motar da ambaliya ta ci ita ya fi tsana, domin tana iya yin wata shida lafiya lau kafin wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Yakan jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ya nemi shatin ruwa, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina, ya duba tsatsa a layin da kujera ke gudu a kai, ya shafa ramin safaya ko akwai laka. Don gano karo kuwa, ƙaramin maganaɗisu yake bi da shi a jikin mota. Inda ya ƙi kamawa a ɓangaren da ƙarfe ne, an cike wurin an shafe da fenti. Motar Kanada sai ya shiga ƙarƙashinta, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe.

Sai lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Na goma shi ke nuna shekarar ƙirar: A na nufin 2010, E 2014, K 2019. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Tema, inda motar da ta haura shekara goma take jawo tara a kan kuɗin kwastan. Kuma motar Amurka da mil take ƙirga tafiya: 100,000 a agogonta kilomita 160,000 ne. Dillalai da yawa sukan yi shiru a nan, su bar mai saye da zatonsa. Alhaji shi yake fara faɗa. A ganina wannan ne ya cika rumfunan Aboabo, ba kyautar da yake yi ba, ko da yake yana yi.

Rigimarsa da fitoci ɗaya ce: cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sai ya riƙa shan mai yana cin kansa. Ruwan famfo a lagireto ma bai yarda da shi ba, tsatsa yake tarawa.

Da la'asar ɗan nasa ya ce mu je inda Baba yake kamun kifi. Tafkin Bosomtwe yana da nisan kilomita 30 ko sama da haka kaɗan daga Kumasi, ta Kuntanase. Wani dutse ne ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, shi ya sa sai ka hau tudu sannan ka gangara Abono a kan hanya mai kwane-kwane. Masta ya ce wa direbanmu ya sa giya a L ya ɗage ƙafa. Wanda ya danne birki tun daga sama har ƙasa, man birkin yana iya tafasa, musamman in ya shekara biyu ba a canza shi ba ya sha danshi, sai feda ta nutse babu kamu.

Masuntan tafkin ba sa amfani da jirgin ƙarfe, al'adarsu ta hana. Wani faffaɗan katako suke hawa, padua, suna tuƙi da hannu. Alhaji ya girmama wannan. A bakin gaɓa yake zama da fatsarsa, in bai samu ba ya sayi karfasa a hannunsu. Wani tsohon masunci ya gane ɗan, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

Muna shirin hawowa masta ya tsuguna a gaban Corollar, ya karanta lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.

"Alhaji, waɗannan na gaban sun haura shekara shida, ga tsaga a gefensu. Da su kuka taho daga Accra?"

Muka kwana a Aboabo. Da safe sai da muka koma Suame aka sa sababbi biyu, aka gwada iska, sannan muka kama hanyar Ejisu.