Tabon Goshina da Yadda Ƙwaƙwalwa Take Tuna Abin da Ya Wuce

A gefen hagu na goshina akwai wani ɗan tabo da na samu tun ina yaro, kuma na yi shekara da shekaru ina ba da labarinsa ba tare da wata tantama ba. A yadda nake tunawa, da yamma ne, an yi ruwa an ɗauke, ina cikin gudu santsi ya kwashe ni na bugu da bakin ƙofa. Har yau ina iya ganin jiƙaƙƙiyar ƙasar, ina ma jin ƙamshinta. Wata rana muna hira da yayata sai maganar ta taso, ta dube ni ta ce, “Kai kuwa wa ya gaya maka haka? Ai da safe ne, daga kan kujera ka faɗo, ni ce ma na ɗauke ka.” Na ce, “Haba Yaya, ni da abin ya faru a kaina?” Babu mai ƙarya a cikinmu, babu kuma wanda zai ƙaru da komai idan labarinsa ya yi rinjaye, amma kowannenmu a shirye yake ya rantse. Wannan ƙaramar gardama ce ta sa na shiga karance-karance a kan yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abu da yadda take dawo da shi.

Yadda muke magana a kan tunawa ya nuna mun ɗauke ta a matsayin ajiya. Mukan ce mutum ya riƙe magana, ko ta ɓace masa, ko ta faɗo masa a rai, tamkar akwai wani ɗaki a cikin ka inda ake jera abubuwan da suka faru, a shiga a ɗauko idan bukata ta taso. A wannan zamani kuma an fi kwatanta ta da kwamfuta. A ganina wannan kwatance yana ɓatar da mutane, domin hoton da aka adana a kwamfuta ko sau dubu aka buɗe shi yana nan yadda yake, alhali tunanin mutum ba haka yake ba.

Masana ma sun daɗe suna neman wannan ɗakin ajiya. Karl Lashley, wani masani ɗan Amurka, ya shafe kimanin shekara 30 yana koya wa ɓeraye bin hanya mai sarƙaƙiya, sannan ya yanke wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya ga ko za su manta. Abin da ya tarar shi ne, yawan abin da ya cire ya fi tasiri a kan wurin da ya cire shi, kuma a 1950 ya bayyana cewa bai gano wani gurbi guda da abin da aka koya yake zaune ba. Amsar tana wani wuri da Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, ya riga ya nuna da yatsa. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace kuma tana haɗuwa da dubban 'yan'uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai inda saƙo yake tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Cajal ya yi hasashen cewa koyo yana canza waɗannan mahaɗai ne, sai Donald Hebb na Kanada ya fayyace maganar a 1949: idan wata ƙwaya ta yawaita taimakawa wajen tayar da wata, mahaɗar da ke tsakaninsu tana ƙara ƙarfi, kamar yadda turba take fitowa a inda sawu ya yawaita.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin a ga wannan da ido. A birnin Oslo, Terje Lømo da Tim Bliss sun aika saƙon lantarki mai sauri na ɗan gajeren lokaci ta wata hanyar jijiya a ƙwaƙwalwar zomo, suka ga mahaɗan sun ci gaba da amsawa da ƙarfi har tsawon sa'o'i bayan an daina, kuma sun wallafa sakamakon a 1973. Eric Kandel kuwa ya zaɓi wata halittar teku mai kama da dodon-koɗi marar ƙoƙo, wadda ƙwayoyin jijiyarta kimanin 20,000 ne kawai kuma manya-manya ne. A jikinta ya nuna bambancin da ya fi burge ni a duk wannan fanni. Tunawa ta ɗan lokaci tana faruwa ne da kayan da suke nan, wato mahaɗa ta riƙa sakin sinadarin saƙo fiye da da. Tunawa mai ɗorewa kuwa sai ƙwayar ta ƙera sabbin sinadaran furotin, har ta tsiro da sabbin mahaɗai. Ke nan duk abin da mutum ya haddace ya zauna, ya canza ginin ƙwaƙwalwarsa a zahiri. Wannan aiki ya ba Kandel kyautar Nobel a 2000.

Amma wanda ya fi kowa koya wa duniya wannan darasi ba masani ba ne, majinyaci ne. Henry Molaison yana da shekara 27 a 1953 lokacin da farfaɗiya ta hana shi sakat, har likitan tiyata William Scoville ya cire masa wani sashe daga can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, ciki har da mafi yawan wani lanƙwasasshen yanki da ake kira hipokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya kasa riƙe sabon abu. Hankalinsa garau, maganarsa daidai, yana sane da abubuwa da yawa na ƙuruciyarsa, yana ma iya riƙe lamba na wasu mintoci muddin yana nanata ta a ransa, amma da zarar an ɗauke masa hankali shi ke nan ta tafi. Masu binciken da suka yi shekaru suna zuwa wurinsa sai sun sake gabatar da kansu. Brenda Milner, wadda ta fara nazarinsa, ta ba shi aikin bin layin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai, aikin da yake rikita kowa da farko. A cikin kwana uku ya gwanance, kurakuransa suka ragu sosai, amma kullum aka kawo masa takardar ba ya tuna ya taɓa gwadawa. Hannunsa ya koya, shi kuwa bai san an yi ba.

Daga nan aka fahimci cewa abin da muke kira tunawa ba abu ɗaya ba ne. Riƙe lambar waya na 'yan daƙiƙoƙi daban, gwanintar hannu irin ta tuƙa keke daban, sanin cewa abu kaza ya faru da ni a wuri kaza shi ma daban, kuma kowanne da sassan ƙwaƙwalwar da yake dogara a kansu. An kuma fahimci cewa hipokamfus ba shi ne rumbun dindindin ba, tun da tsofaffin abubuwan Molaison ba su tafi duka tare da shi ba. Ya rasu a 2008, kuma sai bayan rasuwarsa aka bayyana cikakken sunansa.

To yaya abin da ya faru yake zama a ka? A warwatse yake. Abin da ido ya gani yana da wakilci a sassan gani da ke ƙeya, sauti yana nasa yankin, ƙamshi yana nasa, tsoron da ya zo tare da abin kuma yana da alaƙa da wani ɗan curi mai suna amigdala. Aikin hipokamfus shi ne ya ɗaure waɗannan zaruruwa wuri guda, ta yadda idan aka ja ɗaya sauran za su biyo, shi ya sa wani ƙamshi ko wata murya kan dawo wa mutum da yini guda cur. A cikin hipokamfus ne John O'Keefe ya gano a 1971, a Landan, ƙwayoyin da suke tashi kawai idan ɓera ya isa wani takamaiman wuri. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓeran yake yawo suna sake tashi tare idan ya yi barci, kamar mai bitar karatu, kuma ana ganin ta irin wannan bita ce abin yake samun gindin zama a ɓawon ƙwaƙwalwa. Ɗalibin da ya sayar da barcinsa don ya ƙara karatu ya kamata ya san da wannan ciniki.

Idan abu a warwatse yake, tunawa da shi harhaɗawa ce, kuma wurin harhaɗawa ne ake samun ƙari da ragi. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai hoton bidiyon hatsarin mota. An tambayi wasu irin gudun da motocin suke yi lokacin da suka bugi juna, wasu kuma aka yi musu tambayar da kalma mai zafi, wato lokacin da suka ragargaji juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya mai zafi, 16 suka ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7 cikin 50. Babu fasasshen gilashi ko ɗaya a hoton. Kalma guda ta mai tambaya ta shiga cikin abin da suke jin da idonsu suka gan shi.

Wani zai ce ai wannan hoto ne kawai, abin da ya girgiza mutum ba ya rikicewa. Lokacin da kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse a watan Janairun 1986, washegari wani masani mai suna Ulric Neisser ya sa ɗalibai suka rubuta inda suke, da abin da suke yi, da wanda ya ba su labari. Bayan kimanin shekara biyu da rabi aka sake tambayar su, sai amsoshin da yawa daga cikinsu suka saɓa wa na farko, tare da cewa suna da yaƙini a kan sabon labarin. Ko da aka nuna musu rubutun hannunsu, tsohon tunanin bai dawo musu ba. Wannan ne ya fi taɓa ni, domin ashe ƙarfin yaƙini da kyawun hoton da ke cikin ka ba su ne ma'aunin gaskiya ba.

A shekarar 2000 Karim Nader, tare da Joseph LeDoux a birnin New York, ya taɓo abin da ke ƙarƙashin wannan. An koya wa ɓeraye jin tsoron wani sauti, tsoron ya zauna. Daga baya aka kunna sautin don su tuna, nan take aka zuba musu maganin da ke hana ƙera furotin a cikin amigdala, sai tsoron ya dusashe. Waɗanda aka ba maganin ba tare da an tunatar da su ba kuwa, tsoronsu yana nan daram. Fassarar da aka yi ita ce, tunani yakan yi laushi idan aka taso da shi, sai an sake kafa shi kafin ya koma ya zauna, kuma a wannan tsakani yana iya ɗaukar sabon abu. Har yanzu masana suna muhawara a kan iyakar wannan a wurin ɗan Adam, musamman ga tsofaffin tunane-tunane masu ƙarfi. A 2013 kuma, a ɗakin binciken Susumu Tonegawa, aka yi wa ƙwayoyin da suka wakilci wani akwati a ƙwaƙwalwar ɓera alama ta yadda haske zai iya tayar da su. Aka kai ɓeran wani akwati dabam, aka tayar da ƙwayoyin da haske daidai lokacin da aka ɗan ja shi da lantarki a ƙafa. Da aka mai da shi akwatin farko, inda babu abin da ya taɓa samun sa, sai ya ƙame don tsoro.

Ni dai ban ɗauki wannan sassauci a matsayin naƙasa ba. A 2007 Demis Hassabis da Eleanor Maguire da abokan aikinsu sun nuna cewa majinyatan da hipokamfus ɗinsu ya lalace suna shan wahala wajen ƙiyasta sabon yanayi a zuci, misali su siffanta kansu a bakin teku, sai dai su kawo gutsattsarin da ba su haɗu ba. Ke nan na'urar da muke harhaɗa jiya da ita, da ita muke hasashen gobe, kuma na'urar da za ta iya yin na biyun dole ta iya juya kayanta ta sake jera su. Matsalar tana tasowa ne inda muke bukatar ainihin abin da ya faru, kamar shaida a gaban alƙali, inda yadda aka yi wa mai shaida tambayar farko yake iya canza abin da zai faɗa daga baya da zuciya ɗaya.

Da na koma kan tabona da wannan ido, sai na lura cewa ni ne na fi kowa ba da labarinsa, wato ni ne na fi kowa taso da shi ina mayarwa, kuma mai yiwuwa ruwan saman da ƙamshin ƙasar daga wata yamma dabam suka shigo suka samu wurin zama. Kwanakin baya na kira yayata a waya, ba tare da na ce mata komai a kan karatun da na yi ba, na ce, “Yaya, wai tabon nan nawa a wane gefe yake?” Ba ta yi jinkiri ba ta ce a dama. Har na buɗe baki zan yi mata dariya, sai na tuna cewa duk wanda ya fuskance ni, ta hannun damarsa yake ganin tabon.